Ba-Dole da Famfon Jirgin Likita

A ƙaramin filin jirgin da ke bayan gari, inda jirage masu farfela ɗaya ke kwana, babu wanda ya ƙara tunawa da sunan yanka na tsohon bakaniken rumfar gabas. Ba-Dole ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka kawo masa jirgi ka tambaya ko a canza tiyo, sai ya ce, "In kana so. Ba dole." Ka gayyace shi walima, ya ce zai duba, ba dole. Ko ranar da likitan ido ya ce ya fara sa tabarau, amsar da ya bayar ke nan. Sai da ya yi wa tukunyar kashe gobara ina kwana, ya tsaya yana jiran ta amsa, sannan ya je ya karɓo tabarau ɗin.

A wajen ƙarfe, wannan hali nasa alheri ne. Tun yana saurayi bai taɓa karya noti ba. In noti ya ƙi kwantuwa, ba ya kokawa da shi. Sai ya ɗiga masa mai, ya tafi ya sha shayi, ya dawo ya tarar notin ya huce. Matuƙa sun san haka, shi ya sa suke ba shi injinansu su tafi gida su yi barci har da minshari.

Jiragen da yake ƙauna su ne masu fiffike a sama. A irinsu tankin mai yana cikin fiffike, inji yana ƙasa da shi, man ya gangaro da kansa kamar ruwan indararo. Ba-Dole yakan buga fiffiken da tafin hannu ya ce, "Ka gani? Babu mai tura shi, babu mai roƙonsa. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Masu fiffike a ƙasa kuwa, waɗanda sai an sa famfo ya tsotso mai ya kai wa inji, kallon marasa tarbiyya yake musu. A ganinsa duk famfo wani abu ne da ke jiran ranar lalacewa, abin da babu shi kuwa ba ya ɓaci.

Ya yi imani rayuwarsa ma haka ta gangaro masa. Mata ta zo, aiki ya zo, gida ya zo. Abin da bai taɓa tsayawa ya tambaya ba shi ne ta wace hanya suka biyo. Maiɗakinsa ce ta aika a tambayo ko saurayin da ke tsayawa kullum a ƙofar shagon ɗinkin babanta yana da magana, ko inuwa kawai yake sha. Ita ta ji ana neman bakanike a filin jirgi, ta goge masa riga ta tura shi. In dangi suka yi tsami da shi, ita ke bin su gida-gida da rana, da yamma sai ga su sun zo gaisuwa. Bayan sun tafi ya dube ta cike da gamsuwa ya ce, "Kin gani? Da kansu suka zo." Ita kuwa ta ce, "Na gani," ta ci gaba da ninke wanki.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake ce mata. A rumfar ta girma, ta san sufana da girmanta tun kafin ta san harufa. Ta yi karatun, ta karɓo takardarta, 'yan filin suka sa mata Injiniya. Shekarun da suka yi suna aiki tare su ne mafi daɗi a rayuwarsa, kodayake da ka tambaye shi cewa zai yi ba laifi.

Sai makarantar koyon tuƙi da ke rumfar yamma, a ɗaya gefen kwaltar, ta neme ta. Jiragensu duk masu fiffike a ƙasa ne. Wata safiya ta zo ta tsaya a kansa yana wanke fulogi.

"Baba, 'yan makaranta sun ce in koma wajensu. Ko in zauna a nan?"

Duk mai kunne ya san amsar da take nema. Shi ma yana da kunne. Amma bai ko ɗago ba ya ce, "Yadda kika gani, Uwata. Ba dole."

Ta ɗauki akwatin kayan aikinta ta tsallaka. Ba a yi faɗa ba, kuma nan ne mugun abin yake. Da faɗa aka yi, da an sami abin da za a zauna a yi sulhu a kai.

Muddin mahaifiyarta na da rai ba a ga ɓarakar ba. Tsohuwar ce ke ɗaukar waya, ƙarshen mako sai ga Injiniya da mijinta a tebur, Ba-Dole ya ce, "Kin gani?" Da matar ta rasu, bayan gajeriyar jinya wadda ko ita ba ta bari ta dami kowa ba, sai zuwan ya fara ja baya. Ba fushi 'yar take yi ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ita ma jira take a kira ta. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne ɗaga hannu da safe, shi daga ƙofar gabas, ita daga ƙofar yamma. Kewar 'yar ta hana shi jin daɗin abinci. Ya juya teburin aikinsa ya fuskanci yamma, duk wanda ya tambaya sai ya ce masa haske ya fi a nan.

Yana da yaya mace, wadda ta goya shi, kuma har yau ba ta ga dalilin da zai sa ta rage masa murya ba. Ita ta kawo labarin. Ta same shi a kicin, ta dubi kofunan da suka kwana ba a wanke ba, ta dube shi.

"Auta, ka ji 'yarka za ta tafi?"

Mutum da furfura har a gira, amma ya amsa, "Ina, Yaya?"

"Wani babban kamfanin jirage ya kira ta, can inda sai an wuni a sama kafin a kai. Mijinta ya ce duk inda ta sa ƙafa nan zai sa tasa. Sun ce ta ba su amsa kafin makon nan ya fita. Da bakinta ta ce mini, da babanta na buƙatarta ko kallonsu ba za ta yi ba."

"Ai ta san ina nan."

"Tukunyar kashe gobara ma tana nan."

"Yaya, abin da yake rabon mutum…"

"Kada ka kawo mini kwaɗon nan naka! Kwaɗon ma sai ya buɗe baki yake ci. Zumunta a ƙafa take, kai kuwa ƙafarka ka ba matarka aro, ta tafi da ita kabari. Ka tsallaka ka ce mata ta zauna. Kwalta ce, ba kogi ba."

Ya ce zai duba. Ta ɗauki jakarta kafin ya ƙarasa sauran, don ta san abin da ke biyo baya.

A daidai wannan makon ne aikin jirgin Likita ya zo wuya. Likita tsohon likitan haƙori ne da ya ajiye aiki, mai tumbi da gaggawa. Ya sayi jirgi mai fiffike a ƙasa wanda injinsa ya mutu, ya kuma sayi lafiyayyen inji daga wani mai fiffike a sama da iska ta karya a ƙasa, ya ce a haɗa aurensu. Ba-Dole ne ya reni wannan injin shekara da shekaru, don haka wajensa aka kawo.

"Likita, injin nan tun da aka yi shi daga sama yake shan mai. Ka sa shi a wannan jirgin, tanki na ƙasa da shi, sai an ɗaura masa famfon da shi kansa injin zai riƙa juyawa. Doka kuma ta ce in an sa wannan sai an ƙara na lantarki, ko da na farkon zai tsaya a sama. Ka ji fa. Famfo, da famfon da zai yi gadin famfo."

"To, Malam Ba-Dole, za ka yi, ko in tura wa Injiniya?"

Ba a taɓa ganin ya karɓi aiki da sauri kamar ranar ba.

Kashin farko ya tafi lafiya a kan tebur. A bayan injin akwai wata 'yar taga da aka rufe da murfi tun daga masana'anta, nan ne mazaunin famfo. Ya buɗe bayan injin gaba ɗaya, ya cire wata giyar ƙarfe mai haƙora, ya sa mai tozo a madadinta. Ya zura tsinken ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa a raminsa, a tsaye, saman tagar. Duk juyi ɗaya tozon zai danna tsinken, tsinken ya danna hannun famfo, famfo ya tsotso mai. Shi ke nan hikimar. Sai dai famfon da aka yi oda ya makara a hanya, Likita kuma ba ya iya ganin inji a tebur ya yi barci. Ya yi ta naci har aka rataye injin a jirgi. Da famfon ya iso, filin da ya rage tsakanin bayan inji da bangon ƙarfen da ke kare matuƙi bai fi faɗin tafin hannu ba, hannun Ba-Dole kuwa ba ƙarami ba ne.

Aikin a faɗe ba komai ba ne. A ɗaga tsinken sama, a zura hannun famfo a ƙarƙashinsa, a ɗaure noti biyu. Amma tsinken a tsaye yake, ba abin da ke riƙe da shi. Ka tura shi sama da yatsa, ka janye yatsan don ka shigo da famfo, ya sulalo ya tare hanya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yabon abin da ke gangarowa da kansa, ga shi ya sami wanda ya fi kowa biyayya ga koyarwarsa.

Ranar farko giris ya gwada. Ya juya farfela har tozon ya kauce, ya cusa wa tsinken giris mai kauri ya manna shi sama. Tsinken ya zauna. Kafin ya ɗauko famfo ya daidaita shi a wannan matsatsin, zafin rufin kwano ya narkar da giris ɗin, ya ji ɗan ƙaramin "ƙyas", tsinke ya dawo gida. Ya sa gwangwanin a firjin ofis ya sandare, ya dawo da shi da gudu-gudu irin na tsofaffi, ya sake. Haka ya wuni yana shiga da fita da gwangwani a hannu. Duk fitar da zai yi sai idonsa ya kai rumfar yamma, ya ce a ransa bari dai ya gama da famfon nan tukuna, maganar ba ta gudu.

Washegari Likita ya zo da shawara, da kuma kayan tsohuwar sana'arsa. Ya ciro zaren sakace haƙori, mai santsi da ƙarfi. Dabarar ta yi kyau: a zagaya zaren a jikin tsinken, a fito da bakinsa biyu waje, a ja a riƙe, tsinke ya tsaya a sama. In famfo ya zauna, kafin a gama ɗaure noti, sai a saki baki ɗaya a zare zaren a hankali. Matsalar ita ce famfon na cin hannu biyu, zaren na son na uku.

Ba-Dole ya ɗaure zaren a ƙarfen da ke riƙe da inji, zaren ya saki. Ya riƙe da haƙori, wuyansa bai kai ba, Likita kuma ya leƙo ya ce, "Waɗannan haƙoran ba na riƙe zare ba ne, Malam. Su kansu riƙo suke nema." Daga ƙarshe Likitan ya naɗe hannun riga ya karɓi zaren, ya matse tumbinsa a gefen jirgi.

"Ja kaɗan, Likita. Kaɗan na ce."

To, hannun da ya yi shekaru yana cire turmin haƙori bai san kaɗan ba. Ya fizga, zare ya tsinke, guntu ya maƙale a cikin inji. Guntun zare a cikin inji ba abin wasa ba ne, yana iya toshe hanyar baƙin mai. Nan fa Likita ya tuna ko shi wane ne. Ya ɗauko ɗan madubinsa mai doguwar mariƙa da ɗan hantsaki, ya sa Ba-Dole ya haska masa tocila, har da ce wa injin "buɗe baki" saboda sabo. Ya lallaɓa ya zaro guntun cikakke, ya ɗaga shi sama yana murmushi.

"Cirewa na iya, Malam, riƙewa ce ban iya ba. Wannan aikin na mai siririn hannu ne, wanda zai ji motsin ƙarfen ta cikin zare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga mai irin hannun can muna ganinta."

"Tana da aikinta."

"Ka tambaye ta?"

Ba-Dole ya ce rana ta yi, a bari sai gobe.

Da safe ya zo shi kaɗai da sabon zare. Ya naɗe bakin zaren a ɗan ƙaramin yatsansa, ya rungumi famfo da sauran yatsun, ya zura. Ya ji kamar ya shiga. Noti na farko ya kama, na biyu ya kama. Suka ɗan tafi da yatsa, sannan suka cije. Famfon ya tsaya a ɗan karkace, bai manne da jikin inji ba.

Ya san abin da ya faru, ba ya buƙatar madubin Likita. Tsinken ya sulalo, hannun famfo ya bi ta gefensa maimakon ƙarƙashinsa. In aka matsa, ko hannun ya lanƙwashe, ko bayan injin ya tsage. Wannan shi ne darasin farko da ya koya wa 'yarsa. Duk da haka ya ce a ransa wataƙila datti ne a notin. Ya ɗauko sufana. Notin ya ƙi. Ya ajiye ta ya ɗauko mai doguwar mariƙa, ya kafa ƙafa, ya ɗora nauyinsa. Ƙarfe ya yi wata 'yar ƙara da bai taɓa jin irinta daga hannunsa ba.

Ya saki sufanar ta faɗi ƙasa. Ya kwance notin, ya zaro famfon ya kai shi haske. Hannun bai lanƙwashe ba, Allah ya kiyaye, amma ga ƙarzuwa nan sabuwa tana sheƙi a gefensa. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Wato ya gwammace ya tsage injin da zai ɗauki ran mutum sama da ya taka kwaltar nan ya buɗe baki. Bai taɓa yi wa ƙarfe dole ba sai yau, kuma don gudun magana da 'yarsa ya yi.

Ya goge hannu, ya sa zaren a aljihu, ya fita.

Yaya ta yi gaskiya, kwalta ce ba kogi ba, amma ta yi masa faɗi kamar kogin. Mai zuba wa jirage mai ya bar tiyonsa ya bi shi da kallo, don bai taɓa ganin Ba-Dole a tsakiyar fili ba tare da jirgi a gabansa ba. Rumfar yamma fes take, ƙasa a shafe da fenti, jirage a jere da fukafukansu a ƙasa. Injiniya na tsaye a kan ɗan tsani, kanta a cikin inji. Ta juyo, ta gan shi, ta sauko da sauri.

"Baba! Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau, Uwata. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya jikin?"

Suka gaisa, suka sake gaisawa, har gaisuwar ta ƙare ba abin da ya rage a cikinta. Ya ciro zaren ya nuna mata.

"Famfon jirgin Likita ne. Tsinken ke sulalowa. Na ce ko a nan akwai wani mai siririn hannu."

"Akwai su da yawa. Bari in turo maka ɗaya."

"A'a, ba su ba."

"To wa, Baba?"

Ya dubi zaren, ya dubi fentin ƙasa. "Ke."

Ta goge yatsunta da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa. 'Yar ubanta ce.

"Ga shi ina da inji a buɗe. In ba dole ba ne, sai in turo wani."

Kalmar tana bakinsa, a inda ta saba zama, ta kusa fitowa da kanta. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Dole ne, Uwata."

Ta rufe injin da zane, ta ɗauki tocilarta, ta wuce gaba ya bi ta.

Gaskiyar magana, Injiniya ita kaɗai take ɗaura irin wannan famfo, kusan kowane wata. Tana haɗa zaren da 'yar roba ta maƙala a ƙarfe, robar ta riƙe mata jan. Robar ma tana aljihunta a lokacin. Ba ta ciro ta ba. Ta dubi ƙarzuwar da ke hannun famfon, ta shafa da babban yatsa, ta tabbatar ba ta da zurfi, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta zagaya zaren, ta tsaya a gefen jirgin inda ta saba tsayawa tun tana hawa akwati don ta kai.

"Ya hau, Baba. Shigo da shi. Ƙasa kaɗan. Yauwa, na ji shi."

Famfon ya manne da jikin inji ba tare da gardama ba. Notin biyu suka tafi da yatsa. Ta saki baki ɗaya na zaren, ta zare shi a hankali, ta duba ƙarshensa ta nuna masa ya fito cikakke. Ya ƙarasa ɗaurewa, ta miƙo masa wayar kulle noti kafin ya nema. Aikin da ya ci masa kwanaki bai kai shan kofin shayi ba.

Yana murɗa wayar, fuskarsa a cikin inji, ya ce, "Yaya ta gaya mini maganar tafiyar nan."

"Na ba su amsa shekaranjiya, Baba. Na ce to."

Hannunsa ya tsaya.

"Na jira har la'asar," in ji ta. "Ina ta kallon ƙofarka. Duk ka fito sai in ce ga shi nan zuwa. Sai in ga ka yi ofis da gwangwanin giris."

Ya fito da kansa daga cikin injin. Mai haƙuri yakan dafa dutse, haka ne, amma ba a ce dutsen zai zauna yana jiransa ba. Ya buɗe baki don ya faɗi abin da ya saba faɗa, ya tarar babu shi.

"Ban so ba," ya ce. "Ban so ki tafi ba. Ko wancan karon ma, da kika tsallaka, ban so ba."

"Na sani, Baba."

"To da kika sani…"

"Sani daban, ji daban."

Ta share ido da bayan hannu, don yatsun duk baƙin mai ne. Ya tambaya ko ba a janyewa. Ta ce ta riga ta sa hannu, kuma shi ya koya mata cewa bakanike ba ya sa hannu ya dawo ya ce wasa yake. Gaskiya ne kuwa, shi ya koya mata.

Da yamma aka tura jirgin waje. Likita ya shiga ya tayar, injin ya yi tari ya kama, allurar mai ta miƙe ta tsaya inda ake so. Mai ya hau daga ƙasa zuwa sama a gaban idon Ba-Dole, ba da kansa ba. Likita ya yi ta ɗaga babban yatsa ta taga yana ihun da ba a ji. Uba da 'ya suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, iskar farfela na kaɗa musu riga, kowa ya sami dalilin da zai ba wa ruwan idonsa.

Sauran kwanakin kafin tafiyarta, kullum sai ya tsallaka, har mai zuba mai ya daina ɗagowa. Yaya ta ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma shi ya daɗe har ya wuce misali. Ranar da za ta tafi, Injiniya ta karɓi wayarsa, ta nuna masa inda ake dannawa a kira mutum. Shekara da shekaru yana da wayar, amma gefen amsawa kawai ya sani.

Famfon lantarki shi kaɗai ya ɗaura shi bayan ta tafi. Wannan ba ya buƙatar zare, noti ne da tiyo da waya biyu, ko da ido rufe zai yi. Mai dubawa na hukuma ya zo ya duba, jirgi ya tashi ya sauka lafiya. Likita ya ɗauki hoton kansa a sama, baki har kunne, ya aika wa duk wanda ya sani, har da Injiniya.

Bayan kwana biyu da rana tsaka, Ba-Dole na zaune a teburinsa mai fuskantar yamma. Rumfar ba kowa, jirgin Likita ma ya fita yawo. Ya ɗauki wayar ya ajiye. Ya sake ɗauka, ya gyara tabarau, ya danna inda aka nuna masa.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata. Dama famfon nan ne na lantarki. Na ce ta ina ake fara shi? Kin san ni da famfo."

Ya ji ƙarar manyan injina a bayanta, can nesa. Hoton Likita a sama na cikin wayar da take riƙe da ita, ta san famfon ya riga ya ɗauru.

"Ɗauko ƙaramar sufana, Baba," in ji ta. "A hankali za mu bi shi, aikin da ɗan tsawo."

Ya miƙa hannu ya ɗauko sufanar.